Kalmar Sirri da Amanar Ofis a Zamanin Kwamfuta

A garuruwan Hausa masu ganuwa, irin su Anka, amanar gari tana hannun mai tsaron ƙofa ne, domin shi ya san wanda ya shiga da wanda ya fita. A yau takardun albashi da sakamakon jarrabawa da bayanan ma'aikata sun koma cikin babbar kwamfutar da ake kira uwar garke, watau na'urar da ke ajiye bayanai tana rarraba wa sauran kwamfutoci. Ƙofarta ita ce asusun kowane ma'aikaci, makullinta kuwa ita ce kalmar sirri.

Asalin wannan tsari ya faro ne a farkon shekarun 1960 a jami'ar MIT ta Amurka, inda Fernando Corbato da abokan aikinsa suka shirya kwamfuta ɗaya da mutane da yawa za su yi aiki da ita a lokaci guda. Da yake kowa yana da nasa takardu a ciki, sai aka ba kowa kalmarsa. Amma an ajiye kalmomin nan a rubuce a fili cikin fayil guda, don haka a 1962 wani ɗalibi mai bincike ya sa na'urar ta buga masa su baki ɗaya.

Maganin wannan rauni ya kafu sosai a manhajar Unix, wadda aka fara ginawa a 1969, wadda kuma Linux ta 1991 ta bi sawunta. Na'urar ba ta ajiye kalmar kanta, sai dai ta niƙa ta da lissafi ta ajiye garin. Kamar yadda gero idan ya zama gari ba ya komawa tsaba, haka ba a iya juya lissafin nan baya. Idan mutum ya zo shiga, sai a niƙa abin da ya rubuta a gwada da abin da ke ajiye. A 1979 Robert Morris da Ken Thompson sun bayyana wani ƙari da suka kira gishiri, watau 'yan lambobin da ake cakuɗawa da kalmar kafin a niƙa, don kada garin mutum biyu masu kalma ɗaya ya zo daidai. A binciken nasu sun duba kalmomi 3,289, suka tarar kashi 86 cikin ɗari masu saukin cankewa ne. Wannan ya nuna raunin ya fi yawa wajen ɗan Adam, ba wajen na'ura ba.

Daga nan ake fahimtar matsalolin yau da kullum. Na farko, idan ma'aikaci ya manta kalmarsa, mai kula da uwar garke ba zai iya karanto masa ita ba, sai dai ya sa masa ta wucin gadi, ya kuma tilasta na'urar ta nemi ya sauya ta a shigarsa ta farko. Wajibi ne ya tabbatar da mai neman ido da ido, gama mayaudara sun fi shiga ta hanyar kiran waya da daɗin baki. Na biyu, asusu kan kulle kansa idan an yi ta gwada kalmar da ba daidai ba. Kafin a buɗe, ya kamata a duba rajistar na'urar a ga ko mantuwa ce ko ɓarawo ne ke gwada makullai. Na uku, asusun wanda aka yi wa canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko ya riga mu gidan gaskiya, dole a rufe shi nan take, don ta irin wannan ƙofa da aka bari a buɗe ake cusa ma'aikatan bogi. Na huɗu, kada mutum biyu su yi tarayya a asusu ɗaya, musamman babban asusun nan mai ikon komai, domin ranar bincike ba za a san wa za a tambaya ba.

Har ila yau, akwai darasi daga Zamfara kanta. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro. Duk tsarin da ya dogara ga lambar tabbatarwa ta saƙon waya kaɗai, to a irin wannan hali ya tsaya cik, ko a Gummi ko a Bukkuyum. Saboda haka ofis mai hangen nesa zai tanadi manhajar da ke samar da lambar ba tare da layi ba, ko lambobin ko-ta-kwana a ambulan mai hatimi cikin akwatin ma'aji.

Game da zaɓen kalma kuwa, hukumar ma'auni ta Amurka ta ba da shawara a 2017 cewa doguwar jimla ta fi gajeriyar kalma mai wuyar tunawa, kuma a daina tilasta sauyi a kai a kai sai in an ga alamar sirri ya fita. Dalili kuwa shi ne, wanda aka matsa wa yakan rubuta kalmarsa ya liƙa a ƙarƙashin tebur. Ɗalibi da ma'aikaci duka su sani, abin da aka aikata da asusun mutum, sunansa rajista za ta nuna, kuma shi za a fara kira.