Matattu a Bakin Ƙofa: Nazarin Fim ɗin Romero a Bidiyon Gida

Manufar wannan maƙala ita ce a duba fim ɗin nan na Amurka mai suna Night of the Living Dead, wato daren da matattu suka tashi, wanda George A. Romero ya shirya, aka fara nuna shi a birnin Pittsburgh ranar 1 ga Oktoba, 1968. Za a dube shi ne ta fuskar mai kallo a gida, domin ta wannan hanya mafi yawan masu sha'awarsa a yau suka san shi.

Ya kamata a fara da suna. Ko da yake ana ɗaukar wannan fim a matsayin tushen finafinan zombi na zamani, ba a ambaci kalmar zombi a cikinsa ko sau ɗaya ba. Kalmar da aka yi amfani da ita ta samo asali ne daga Larabci, wato gul, dodon maƙabarta mai cin gawa. Zombi kuwa, a al'adar mutanen Haiti, gawa ce da boka ya tayar yana bautar da ita, kamar yadda aka nuna a fim ɗin White Zombie na 1932. Matattun Romero ba su da ubangida, yunwar naman mutum kaɗai ke tafiyar da su. Haka nan kalmarmu ta fatalwa ba ta dace da su ba, tun da suna da jiki, harsashi a ka yana kayar da su.

Labarin gajere ne. Mutum bakwai sun fake a wani gidan gona, matattu sun kewaye su. Maimakon su haɗa kai, sai gardama ta sarƙe tsakanin Ben, wanda Duane Jones ya fito a matsayinsa, da Harry Cooper a kan inda ya fi tsaro: ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko kuwa sama, inda aka toshe tagogi da katako. Ben kaɗai ya kai safiya, a cikin ɗakin nan da ya ƙi tun farko, sai kuma masu farautar matattu suka hango shi ta taga suka harbe shi. Jones baƙar fata ne, fim ɗin kuma ya fito wata shida bayan kisan Martin Luther King, saboda haka masu nazari ba su taɓa daina tattauna wannan ƙarshe ba.

Yadda fim ɗin ya shiga gidaje kuwa, kuskure ne ya jawo. Da kamfanin rarrabawa ya canza masa suna, sai aka manta ba a sa shaidar haƙƙin mallaka ba, abin da dokar Amurka ta wancan lokaci ta wajabta. Nan take ya zama na kowa. Da kaset na bidiyo ya yaɗu, kamfanoni barkatai suka yi ta buga shi daga kwafi zuwa kwafi, har a 1986 aka fitar da wani da aka shafa wa launi. Wannan ya yaɗa sunansa, amma ya cuce shi. Fim ne na baƙi da fari wanda ƙarfinsa ke cikin inuwa, a lalataccen kwafi kuwa inuwar takan zama baƙin dunƙule, fuskoki su dushe. Da yawa sun ɗora laifin a kan ƙarancin kuɗi, tun da dala 114,000 kacal aka kashe, alhali ɓarnar masu kwafi ce. Gyaran da gidan adana fasaha na MoMA ya yi daga fim na asali a 2016, da sa idon Romero kafin rasuwarsa a 2017, wanda kamfanin Criterion ya fitar a faifai a 2018, shi ya nuna cewa da gangan aka tsara hasken.

A ganina kallon gida ya fi dacewa da shi fiye da sinima. Akwai wurin da mutanen suka taru gaban talabijin suna sauraron sanarwar hukuma, suna jiran a gaya musu inda za su gudu. Mai kallo da dare, ƙofarsa a kulle, yana zaune ne daidai yadda suke zaune, sai dai a nemi gyararren kwafi, a kuma kashe fitila.