Kada Bikin Kirsimati Ya Cinye Rumbu

Kaka ta yi, mun gode wa Ubangiji. Dawa da gero sun shiga rumbu, gyaɗa da wake suna cikin buhu. Amma mu da muke zagaya ƙauyuka a kan aikin gona mun san abin da yakan biyo baya. Da watan Disamba ya kama, sai a ga buhunan hatsi suna fita kasuwa a kan jaki da babur. In an tambayi mai gida dalili, sai ya ce, "Yara ba su da kayan Kirsimati, uwargida tana son zane, ga kuma burodi da cincin na baƙi." A lokacin nan kuwa hatsi ya fi araha, gama kowa sayarwa yake yi. Yawancin shekaru, kafin Yuli da Agusta, sa'ad da ake tsakiyar noma jiki yana neman tuwo, sai wannan mai gida ya koma kasuwa ya sayi hatsi da tsada, wani lokaci ma da bashi. A sa'an nan rigar biki ta yage, an manta da daɗin burodi, rumbu kuwa wayam.

Murnar haihuwar Mai Cetonmu abu ne mai kyau, kuma ya kamata yara su sa tufafi masu tsabta su ci abin marmari. Abin da muke so mu nuna shi ne, akwai ayyukan hannu guda uku da za su rage kuɗin biki ƙwarai, watau zaɓen gwanjo, da ɗinki, da gashi a gida. Ayyuka ne masu daɗi da ake yi da yamma a gindin itace ana hira, rani kuwa shi ne lokacinsu.

Gwanjo ba abin kunya ba ne

A dā tufafin ƙasarmu a ƙasarmu ake saƙa su. An buɗe babbar masaƙa a Kaduna a 1957, waɗansu kuma suka biyo baya a Kaduna da Kano, suna aiki da audugar manomanmu. Cikin shekarun 2000 yawancinsu suka rufe. Yanzu galibin sabon yadi daga ƙasashen waje yake zuwa, in kuɗinmu ya faɗi kuwa, sai tsadarsa ta hau. Shi ya sa gwanjo ya zama rufin asirin gidaje da yawa.

Tufafin gwanjo kaya ne da mutanen Turai da Amurka da waɗansu ƙasashe suka sa suka bari. Akan tattara su, a rarrabe, a matse cikin dila mai nauyin kilo 45 ko fiye, a kawo ta jirgin ruwa. Mutanen kudu suna ce da su okirika, sunan wani gari ne a Jihar Ribas. Daga manyan kasuwanni kamar Kofar Wambai a Kano, da Kasuwar Barci a Kaduna, da Katako a Jos, 'yan koli suke ɗauko su zuwa kasuwannin ƙauye. Ranar da aka fasa dila akan sami kaya mafi kyau amma da tsada. Bayan kwanaki kuɗin yakan sauka, mai haƙuri da ido kuwa ba ya rasa abin kirki.

'Yar'uwa, in za ki saya, ga abin da za ki duba. Ki ɗaga rigar wajen hasken rana, inda yadin ya sirance zai bayyana. Ki duba wuya, da hammata, da gwiwa, gama nan ne tufa take fara mutuwa. Ki ja wurin ɗinki a hankali. In zare ne kaɗai ya tsinke, wannan gyara ne na minti biyar. In yadin ne da kansa yake buɗewa, ki ajiye.

Ki nemi na auduga, musamman domin yara. Auduga tana shan zufa, tana jure wanki. Roba-roba irin su nailan tana da zafi, in kuwa ta kama wuta a bakin murhu sai ta narke ta manne a fata. Hanyar ganewa a gida ita ce a zare zare ɗaya daga cikin kalmasa a sa masa ashana. Auduga takan ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, nailan kuwa yakan narke ya dunƙule da tauri.

Kada kowa ya sa gwanjo sai an wanke. Ƙwarƙwata takan ɓuya cikin ɗinki, ƙazwa da makero kuma suna iya bin tufa. A jiƙa cikin ruwan zafi da sabulu, a wanke, a shanya a kan igiya cikin rana sosai, sa'an nan a goge da dutsen guga mai zafi, a bi layin ɗinki da kyau. Kamfai da sauran kayan ciki kuwa, gara a ɗinka sabo ko da na ƙyalle ne.

Allura tana mai da tsoho sabo

Mai sayen gwanjo wadda ba ta iya ɗinki ba, dole ta nemi abin da ya yi daidai da jikin yaronta, shi ne kuma mai tsada. Wadda ta iya ɗinki yadi take saya. Babbar rigar namiji guda ɗaya takan ba da rigar yarinya mai shekara huɗu ko biyar. Wandon babba da gwiwarsa ta mutu yakan zama gajeren wando na ɗan makaranta. Babban siket mai tattara yakan isa riguna biyu na jariri. Irin waɗannan manyan kaya sau da yawa su ne suke kwantai a wurin mai gwanjo, saboda haka da araha ake samunsu.

Ba sai da keken ɗinki ake farawa ba. Allura, da zare fari da baƙi, da almakashi mai kaifi, da alli, da tef na awo sun isa. Iri uku na ɗinki kaɗai ake bukata da fari. Na ɗaya shi ne ɗinkin riƙo, mai faɗi-faɗi, wanda yake riƙe ƙyalle biyu kafin a yi na ainihi, daga baya a zare shi. Na biyu shi ne wanda allura take komawa baya kaɗan kafin ta ci gaba. Shi ne mai ƙarfi, kusan kamar na keke. Na uku shi ne kalmasa, domin bakin riga kada ya tsefe. Duk wadda ta iya waɗannan, da sa maɓalli, da yin faci, ta rage zuwa wurin tela.

Wajen yanka, kada a yi da ka. A sami tsohuwar rigar yaron wadda ta yi masa daidai, a warware ta, a shimfiɗa kowane ɓangare a kan takardar buhun siminti ko jarida, a zana, a ƙara faɗin yatsa ɗaya kewaye domin ɗinki. Wannan takarda ita ce ma'auni, za ta yi wa gida da maƙwabta aiki shekara da shekaru. A bar kalmasa mai zurfi a ƙasan rigar yara, in sun girma a sake ta. In sabon yadin auduga ne, a wanke kafin a yanka, gama yakan tsuke. Guntayen ƙyalle kuma kada a zubar. In an harhaɗa su sukan zama jakar littafi, ko rigar matashin kai, ko mayafin jariri na hunturu.

Inda akwai keke, a lura da shi kamar yadda ake lura da garmar shanu. A share kaɗar zare da take taruwa ƙarƙashin allura, a ɗiga man keke na ainihi. Man gyaɗa yakan daskare ya yi danƙo ya kashe keke. A rufe shi da zane saboda ƙurar hunturu.

Aikin nan yana da daraja a wurin Allah. Cikin Ayyukan Manzanni sura 9 mun karanta labarin Dokas ta Yafa. Da ta rasu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Cikin sura 18 kuma mun ga Manzo Bulus yana ɗinkin alfarwa a Korinti domin ya ci da kansa. Saboda haka samari ma su koya. Yaron da zai tafi makarantar kwana bai iya sa maɓallin rigarsa ba, ba mu shirya shi da kyau ba.

Tukunya da yashi sun isa gashi

Gashi ba baƙon abu ba ne a gare mu. Matan Kano sun daɗe suna gasa gurasa cikin tanderu. Abin da yake da tsada shi ne fulawa. Ana noman alkama da ban ruwa a lokacin sanyi a wurare kamar Kadawa kusa da Kano da kewayen Tafkin Chadi, amma mafi yawan wadda ake ci a Nijeriya daga waje ake kawo ta. A 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama, ba a ɗage dokar ba sai 1992. A 2022 kuma yaƙin Rasha da Yukiren ya sa ta yi tsada a duniya duka. Saboda haka yana da kyau mu iya haɗa fulawa da garin abin da muka noma.

Ga yadda abin yake. Yis abu ne mai rai, yana cin sukari yana fid da iska. Alkama tana da wani danƙo wanda yake riƙe iskan nan, shi ne yake sa ƙullu ya tashi. Dawa da masara da rogo ba su da wannan danƙo. In an sa kashi ɗaya nasu cikin kashi huɗu na fulawa, burodi zai tashi lafiya. In an wuce haka, sai ya yi nauyi ya riƙa marmashewa. Garin ya zama mai laushi, an tankaɗe shi sau biyu. In na rogo ne, a fere, a goge, a matse ruwan sarai, a shanya ya bushe a ranar, domin dafin rogo ya fita kuma kada ya yi tsami.

Da ƙaramin gwangwanin madara za mu yi awo. A sami gwangwani 4 na fulawa, 1 na garin dawa ko masara ko rogo, 2 na ruwa mai ɗumi, ƙaramin cokali 2 na yis, ƙaramin cokali 1 na gishiri, babban cokali 2 na sukari, babban cokali 2 na man gyaɗa. Ruwan ya zama wanda za a iya yi wa jariri wanka da shi, gama ruwan zafi yana kashe yis. A kwaɓa, a murza da hannu minti 10 zuwa 15 har ƙullu ya yi santsi. A rufe da zane mai tsabta a ajiye wuri mai ɗumi har ya ninka, kamar awa ɗaya, da hunturu kuwa ya fi haka. A sāke murzawa kaɗan, a sa cikin gwangwanaye da aka shafa wa mai, rabi-rabi, a bari ya sāke tashi kamar rabin awa.

Kafin nan an zuba yashi mai tsabta cikin babbar tukunyar ƙarfe, zurfin yatsa biyu, an rufe, an ɗora a wuta minti 15. A jera ƙananan duwatsu a kan yashin, a ɗora gwangwanayen a kai domin ƙasa kada ta ƙone. A rufe, a zuba garwashi a kan murfin domin sama ta yi ja. Wuta ta zama matsakaiciya, kada a buɗe kafin minti 20. Cikin minti 30 zuwa 40 ya gasu. A juye, a ƙwanƙwasa gindinsa, in ya yi ƙara kamar ƙaramar ganga, ya yi. Da wannan tukunya ake gasa kek ma, sai dai shi da tsinke ake gwada shi, in tsinken ya fito a bushe ya nuna.

Gargaɗi guda: gwangwanin abinci kaɗai za a yi aiki da shi. Na fenti ko na maganin ƙwari, kome wankinsa, kada ya kusanci tukunya.

Abin da za mu yi tare

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kowace ekklisiya ba a rasa mace ɗaya ko biyu da suka iya ɗinki ko gashi. Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata su ware rana ɗaya a mako cikin rani, waɗanda suka iya su koya wa saura, 'yan mata kuma su zauna kusa. Mata goma suna iya yin adashi su sayi keke ɗaya, a rubuta ranar kowa, a riƙa ajiye ɗan kuɗi domin mai da allura da gyara. Haka kuma in an haɗa kuɗi an sayi fulawa da sukari da yawa a raba, ya fi sayen mudu-mudu sauƙi. Wadda hannunta ya faɗa har tana so ta sayar, ta lissafta kome, har itace da wahalarta, kafin ta sa kuɗi.

Ku kuma masu gida, kafin a ɗebi ko mudu ɗaya zuwa kasuwa, ku zauna da matanku ku yi lissafi. A fid da na Ubangiji, a ware iri, a ware abincin da zai kai gida har sabon hatsi ya nuna. Abin da ya ragu shi ne na biki. In uwargida ta nemi kuɗin zare da almakashi da yis, ku bayar da farin ciki, gama guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. In yaro ya fito ranar Kirsimati da rigar da uwarsa ta ɗinka, ku yaba a gaban jama'a.

A fara tun watan Nuwamba, kada a jira sai tela ya cika da aiki, kasuwa kuma ta yi zafi. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanmu, ya kai rumbunanmu har wata kaka. Amin.