Faifan Louis Armstrong: baƙi ko mai launi?

Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙahon nan na Amurka, ya ziyarci Kaduna a 1960, inda ya gana da Sardauna Ahmadu Bello.

Masana kiɗan jazz kan shawarci mai neman fayafayansa da ya fara da West End Blues na 1928, wanda ya sauya salon busa a wannan kiɗa.

To, ko launin faifan garmaho na shafar sauti?

Asalin robar faifai ba baƙa ba ce, sinadarin kabon ake zuba mata. Ingancin sauti ya fi dogara ga tsabtar roba da kyawun bugu, ba launi ba.

Sai dai faifai mai hoto a jikinsa ya fi yawan ƙara, don haka a saurara kafin a biya.