Idon da ba ya ƙiftawa: Yadda keji ke makantar da macijin kiwo

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da bidiyon wani da maciji nannaɗe a hannunsa ba. Mu nan da an ce maciji sai neman sanda, amma a Amurka da Turai akwai masu kiwonsa a ɗaki kamar yadda ake kiwon mage. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ɗaya daga cikin macizan da suka fi so ɗan yankinmu ne: wata ƙaramar mesa da suke kira "ball python", saboda idan ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Najeriya, kuma daga Gana da Togo da Benin aka fi fitar da ita. Ba ta da dafi, tana kuma iya yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula.

To, a irin waɗannan bidiyoyi wani lokaci za ka ga idon mesar ya yi shuɗi-shuɗi, mutane na ta yaba kyansa. Gaskiyar magana, ido ne wurin farko da ke tona asirin mai kiwo idan kejin bai yi daidai ba.

Maciji ba shi da fatar ido, shi ya sa ba ya ƙiftawa, ko barci yake idonsa a buɗe. Abin da ke kare masa ido wata siririyar fata ce garai-garai kamar gilashi, wadda take haɗe da sauran fatar jikinsa. Idan lokacin saɓa ya zo, ruwa na shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa, sai idon ya dushe ya yi shuɗi na 'yan kwanaki. Wannan ba ciwo ba ne. Idon zai washe, bayan wasu kwanaki kuma macijin ya tuɓe saɓarsa gaba ɗaya, har da murfin idon.

Matsala tana farawa ne idan kejin ya bushe da yawa. Sai saɓar ta riƙa fita gutsi-gutsi, tsohon murfin ya maƙale a ido. Idan ba a lura ba, saɓa ta gaba ta ƙara wani a kai, gani ya ragu, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Saboda haka ƙwararrun masu kiwo ba sa jefar da saɓa sai sun buɗe wajen kan sun ga murafun ido biyu sun fita.

A nan ne da yawa ke tafka kuskure. Wani sai ya ɗauko hantsaki ko salatif ya ce zai ɓamɓare. Kada ka soma! Wani lokacin abin da kake zaton tsohon murfi ne, sabon ne ya yamutse saboda ƙarancin ruwa a jiki. Ka cire shi, ka bar ƙwayar idon a tsirara, daga nan sai makanta. Abin yi shi ne a ƙara danshi, a ajiye masa ɗan akwatin ɓuya da aka shimfiɗa wa jiƙaƙƙen tsumma. In bai fita ba, sai wurin likitan dabbobi.

Akwai kuma ciwon da ke tasowa daga baki. Hawayen maciji ba ya zubowa waje, ta wata 'yar hanya yake gangarawa cikin baki. Idan bakin ya kamu da cuta, wanda ƙazantar keji da sanyi ke jawowa, ƙwayoyin cutar na iya bin wannan hanya su hau sama, mugunya ta taru a ƙarƙashin murfin ido. Idan hanyar ta toshe kuma, ruwa ne zai taru, idon ya kumbura. Maganin ɗigawa ba ya ratsa murfin yadda ya kamata, galibi sai likita ya ɗan tsaga ya wanke.

Sai wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe masu shan jini, dangin kaska, da ke son laɓewa a gefen ido. Alamarsu ita ce macijin ya tare a kwanon ruwa, ka ga ɗigo-ɗigo baƙi a ciki. Haka nan ɓera mai rai da aka jefa masa a matsayin abinci na iya cizonsa a fuska, shi ya sa ake ba da shawarar a ba shi wanda ya riga ya mutu.

Duk waɗannan, tushensu keji. Ga wannan mesa, ana so danshin iska ya kai kashi 50 zuwa 60 cikin 100, a ƙara zuwa 70 lokacin saɓa. Gefe ɗaya ya yi ɗumi kamar digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen kuma kamar 25 zuwa 27, domin maciji ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa. A sa ruwa mai tsabta kullum, a kwashe kashi da wuri, a kauce wa shimfiɗa mai ƙura, a cire duk abu mai kaifi.

Yanzu ka auna wannan da yanayinmu. A hunturu, leɓenka ma tsagewa yake, ina ga dabbar da ke kulle a akwatin gilashi? A daji wannan mesa tana shigewa rami mai laima ta huta. A keji kuwa, abin da ka ba ta shi ke nan.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin sha'awar bidiyon daƙiƙa 30 ta ɗebe ka, tambayi kanka: akwai likitan dabbobin da ya san maciji a kusa da kai? Za ka iya duba danshi da ɗumi kullum har shekara 20? Maciji ba ya kuka, ba ya kiran kowa. In idonsa na ciwo, haka zai yi ta kallonka shiru har ganin ya tafi.