Yunwar Habasha: Yadda Aka Ba Duniya Labarinta Sau Biyu

Daga Wakilinmu

Sau biyu cikin shekara goma sha ɗaya yunwa mai tsanani ta auka wa arewacin ƙasar Habasha, watau a 1973 da kuma 1984, shekarun da mu ma fari ya taɓa mu a nan ƙasar Hausa. Duk sau biyun gwamnatin da ke ci ta so a rufe maganar, duk sau biyun kuma hoton talbijin ne ya tona ta. Amma abin da jama'a suka fahimta daga hotunan ya sha bamban ƙwarai, domin a karo na farko an nuna musu wanda za su ɗora wa laifi, a karo na biyu kuwa sai aka bar su suna zaton rashin ruwan sama ne kaɗai ya jawo masifar. Wannan tarihi ya kamata duk mai karanta jarida ko mai sauraron rediyo ya san shi.

YUNWAR WALLO

A 1973 Sarki Haile Selassie yana da shekara 43 a kan gadon sarauta. Damina ta ƙi a lardunan Wallo da Tigre, dabbobi suka mutu, manoma suka bar ƙauyuka suka jeru a bakin babbar hanyar da ta nufi Adis Ababa suna bara. Hukuma ba ta rasa labari ba, amma manyan fada suna ganin bayyana shi zai zubar da girman Sarki a idon duniya, musamman da yake a birninsa hedkwatar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka take. Ɗaliban jami'a sun yi ta ƙorafi, aka ɗauke su 'yan neman fitina.

Ana cikin haka sai wani matashin ɗan jarida daga Ingila, Jonathan Dimbleby, ya isa Wallo da masu ɗaukar hoto. A watan Oktoba na 1973 gidan talbijin na ITV ya nuna fim ɗinsa, wanda ma'anar sunansa ita ce yunwar da ba a sani ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Nan da nan mutanen Turai suka shiga tara kuɗin agaji, gwamnatin Sarki kuwa ta rasa bakin musu.

Fim ɗin bai tsaya a Turai ba. Tun farkon 1974 sojoji suka fara bore saboda albashi da halin zamansu, direbobin tasi suka yi yajin aiki kan tsadar fetur, malaman makaranta su ma suka ajiye alli. Kwamitin sojan da ake kira Derg ya yi ta karɓe iko kaɗan-kaɗan, amma yana shakkar taɓa Sarki saboda kwarjininsa a wurin talakawa. Daren 11 ga Satumba 1974 sai gidan talbijin na ƙasar ya nuna fim ɗin Dimbleby, an yanyanka shi an cusa wasu hotuna a tsakani: ga yara suna mutuwa a Wallo, ga Sarki yana ciyar da karnukansa da nama, ga manya suna shagali. Kashegari sojoji suka tuɓe shi, suka fitar da shi daga fada cikin ƙaramar mota ƙirar Volkswagen, ba wanda ya fito kare shi. Hotunan yunwar na gaskiya ne, amma wanda ya jera su shi ya zaɓa wa mai kallo abin da zai fahimta.

KOREM, 1984

Bayan shekara goma, waɗanda suka hau mulki da sunan talakawan Wallo sai ga su sun bi sawun Sarki. Hukumar agaji ta ƙasar ta roƙi taimakon hatsi tun watan Maris na 1984, amma ƙasashen Yamma suka yi sanyin jiki, domin gwamnatin Mengistu Haile Mariam ƙawar Tarayyar Sobiyat ce. Ita kanta gwamnatin hankalinta yana kan bikin cikar juyin mulki shekara goma, wanda aka yi a watan Satumba, aka kashe masa dukiya mai yawa. Sai da aka watse daga biki kafin aka ƙyale manema labarai na waje su nufi arewa.

Ranar 23 ga Oktoba 1984 BBC ta nuna rahoton wakilinta Michael Buerk daga sansanin Korem, da hotunan da Mohamed Amin, mutumin Kenya, ya ɗauka. Rahoton bai wuce kamar minti bakwai ba, amma gidajen talbijin fiye da 400 suka sake nuna shi a duniya. Wakilin ya kwatanta abin da ya gani da irin yunwar da aka ambata cikin littattafan addini. Mawaƙin nan ɗan ƙasar Ayalan, Bob Geldof, yana cikin waɗanda suka kalla, shi ne kuma ya tara mawaƙa suka yi babban wasan Live Aid a Landan da Filadelfiya ranar 13 ga Yuli 1985, aka tara miliyoyin fam. Babu shakka wannan rahoto ya ceci rayuka masu yawa.

ABIN DA HOTO BAI NUNA BA

To, amma me ya kawo yunwar? Yawancin rahotannin lokacin sun tsaya a kan fari. Fari kam an yi shi, sai dai ba shi kaɗai ba ne. Lardunan da yunwar ta fi tsanani su ne inda gwamnati ke yaƙi da 'yan tawayen Tigre da na Iritiriya. Jiragen yaƙi suna jefa bama-bamai a kasuwannin ƙauye, an taƙaita fataucin hatsi da tafiyar 'yan ci-rani, kuma akwai hukumar cinikin amfanin gona da ke tilasta wa manoma su sayar mata da wani kaso na hatsinsu a kan farashi mai rahusa. Manomin da aka yi wa haka, ko damina ɗaya ta ƙi, ba shi da abin da zai jingina da shi.

Har wa yau, daga ƙarshen 1984 gwamnati ta shiga kwashe mutane daga arewa zuwa kudu da kudu maso yamma, kimanin mutum 600,000, da yawansu ba da son ransu ba, dubbai kuma suka mutu a hanya ko a sababbin matsugunan. Ƙungiyar likitocin agaji ta Faransa, MSF, ta fito fili ta soki wannan shiri, aka kore ta daga ƙasar a watan Disamba na 1985. Wasu ƙungiyoyin suka kama bakinsu don kada a hana su aiki, ɗan jarida kuwa sau da yawa a jirginsu yake tafiya, daga bakinsu kuma yake samun bayani. Ga shi labarin yaƙi yana da wuyar bayani cikin minti biyu, kuma ana tsoron in an faɗe shi masu ba da sadaka za su janye hannu. Sai a 1991, shekarar da Mengistu ya gudu Zimbabuwe, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Africa Watch ta buga cikakken rahoto da ya nuna yadda yaƙi da manufofin gwamnati suka mai da fari ya zama yunwa. Waɗanda suka mutu, bisa ƙiyasin wannan rahoto, sun kai aƙalla 400,000.

Masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, wanda ya sami lambar Nobel a 1998, ya binciki yunwar Wallo cikin littafinsa na 1981, ya nuna cewa abincin da Habasha ta noma a 1973 bai ragu sosai ba, har ma ana fitar da hatsi daga Wallo zuwa birane alhali mutanen wurin suna mutuwa, don ba su da abin saye. Daga baya ya lura cewa ba a taɓa yin babbar yunwa a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da jaridu masu 'yanci ba, domin shugaban da jaridar gida za ta tona wa asiri ba ya jira sai baƙo ya zo da na'urar hoto.

Darasin da ke nan ya shafi ma'aikacin gwamnati kai tsaye. Rahoton da aka danne cikin fayil don gudun ɓacin ran na sama ba ya hana abin faruwa, kuma in labarin ya fita ta hannun wani, wanin ne zai tsara shi yadda ya so. Ɗalibi kuma, in ya ga hoton da ya girgiza shi, ya kamata ya tambayi kansa: wa ya kai mai hoton wurin, ina ne aka hana shi zuwa, me kuma ya faru kafin ranar da aka ɗauka? Masu kallon talbijin na 1984 sun ba da sadaka da zuciya ɗaya, amma da yake ba a faɗa musu akwai yaƙi a bayan yunwar ba, kaɗan ne daga cikinsu suka nemi a tsayar da shi.