Dalilin da ya sa ƙ, ɗ da ɓ ke rikiɗewa a kwamfuta

A shagunan buga takardu na Birnin Kudu da Gwaram, inda ake kai katin ɗaurin aure da tambayoyin jarrabawar Hausa, sau da yawa akan buɗe takarda a tarar haruffa masu lanƙwasa sun zama 'yan akwatuna. Mai bugawa, saboda sauri, sai ya share su ya sa k da d da b. Ta haka "baƙi" suke komawa "baki", "ƙafa" ta koma "kafa", Ɗahiru kuma ya karɓi takardarsa da sunan da ba haka aka raɗa masa ba.

Alhali kuwa siffar ɓarnar kan nuna inda cutar take. Idan akwati ya bayyana, rubutun yana nan lafiya. Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa, ƙ tana da U+0199, ɗ kuma U+0257, sai dai salon haruffan da aka zaɓa, wato font, ba shi da zanen harafin. A haskaka rubutun duka a mayar da shi Charis SIL ko Noto Sans, waɗanda ake saukewa kyauta, haruffan za su dawo.

Idan kuwa "ƙasa" ta fito a matsayin "}asa", "ɗaya" ta zama "]aya", takardar tsohon yayi ce. An buga ta da irin salon Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar lokacin da kwamfutoci ba su san haruffan Hausa ba. Dabarar ita ce a ɗora zanen ƙ a gurbin wata alama. Ta yi wa marubuta rana, amma duk kwamfutar da ba ta da salon sai ta nuna alamar ta asali. Saka salon zai gyara gani kawai, da an tura rubutun WhatsApp ɓarnar za ta dawo. Gyara mai ɗorewa shi ne a danna Ctrl da H a Word, a musanya kowace alama da harafinta na Unicode.

Akan kuma ga "Æ™" a gurbin ƙ. Wannan rubutun UTF-8 ne da aka buɗe da wani tsari, sai a sake buɗe shi a zaɓi UTF-8. Mafi muni ita ce alamar tambaya: yawanci an adana fayil ɗin da tsarin ANSI, harafin ya tafi ke nan, sai a nemi kwafin asali ko a bi kalma bayan kalma.

Wanda zai kai aiki shago daga gida ko makaranta, gara ya adana shi a matsayin PDF, domin yana tafiya da zanen haruffansa. In kuma dole sai an yi gyara a can, Word na da zaɓin cusa salon cikin fayil, a ƙarƙashin File, Options, Save.