Kafin ku saya wa Kaka bel ɗin baya



Daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi, ina yawan ganin matasa suna sayo wa tsofaffinsu bel ɗin baya a kemis. Niyyar mai kyau ce, amma ku dakata.

Idan tsoho ya ranƙwafa, ciwon baya kuma ya taso masa farat ɗaya, wataƙila ƙashin bayan ne ya yi rauni ya lotsa, musamman iyayenmu mata da suka daina al'ada. Bel mai laushi ba ya riƙe irin wannan karaya. Akwai mai tauri da ke hana sunkuyo, shi kuwa sai an yi hoton ƙashi, likita ya duba, an auna jikin mutum. Ku nufi Asibitin Koyarwa na Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala, Kano.

Galibi mako 6 zuwa 12 ake sa shi. In ya zarce, tsokar baya kan saki. A sa rigar auduga daga ciki, a riƙa duba fata kullum gudun gyambo.

In ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari na kuɓucewa, kada a tsaya wurin mai ɗori, sai asibiti nan take.

Allah ya ba iyayenmu lafiya.